"KWANA NE YA ƘARE": MAGANA GA MANOMA DA MASU GONAKI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, damina ta kankama, kuma duk limamin da yake garin da ake noma ya san abin da yake biyo bayanta. Tsakanin shuka da kaka sai an kawo gawar da ba ta yi jinya ba. Wannan maciji, wannan maganin feshi, wancan tsawa ta faɗa masa a gindin bishiya, wani kuma injin casa ya kama hannun rigarsa ya ja shi. A yi salla, a kai shi makwancinsa, a dawo a zauna karɓar gaisuwa, duk wanda ya shigo ya ce "kwana ne ya ƙare". Shi kenan an rufe magana. Baɗi war haka a sake kawo wani, daga unguwar nan dai, da irin sababin nan dai.

Maganar gaskiya ce, babu musulmin da yake jayayya a kanta. Ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya. Amma kalma ce ta ta'aziyya, ana faɗa wa wanda aka yi wa rashi domin zuciyarsa ta yi sanyi. Mu kuwa mun ɗauke ta mun mayar da ita murfi, muna rufe tambayar da ya kamata a yi bayan kwana uku: yaya abin ya faru, kuma me za mu canza?

Sahabbai ba haka suka fahimci ƙaddara ba. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai labari ya same shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansar, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke cewa a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ne wannan. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ai ƙaddarar Allah ce. Sai ya buga masa misali irin na mutanen karkara: mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Ƙissar tana cikin Bukhari da Muslim. Shi kansa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, wanda babu mai tawakkali kamarsa, ya ɗauki ɗan jagora a hanyar hijira, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, ranar Uhud kuma sulke biyu ya saka. Wanda ya tambaye shi game da raƙumarsa, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah.

To ɗaurin raƙumin manomi mene ne? Da an taso da wannan magana sai a ce ai talaka ba shi da kuɗin dogon takalmin roba da safar hannu da takunkumi. Gaskiya ne suna da tsada, kuma duk mai hali ya saya. Amma abin da nake so mu duba yau ba a sayar da shi a kasuwa. Masu binciken hatsari a wuraren aiki, tun daga matuƙa jirgin sama har likitocin tiyata, sun daɗe da gano cewa sau da yawa wanda hatsari yake rutsawa da shi gwani ne a sana'arsa. Abin da ya kuɓuce masa a ranar shi ne lura, ko ya ga abu ya yi shiru, ko gajiya ta rufe masa ido, ko gaggawa ta sa ya yanke shawarar da ba ita ba. Manomin da ya shekara talatin yana riƙe da fartanya ba ya buƙatar ni in koya masa huɗa. Waɗannan halaye kuwa aikin mumbari ne, domin addini ya yi magana a kansu tun kafin a buɗe musu makaranta.

Ku duba yadda Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya riƙa horar da sahabbai a kan ƙananan abubuwa. Ya umarta a kashe wuta kafin a kwanta, a rufe ƙwarya, a ɗaure bakin salka, a rufe ƙofa. Wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, ya ce ya riƙe tsininsu kada ya soki wani musulmi. Ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Duk abu ɗaya ake koya mana: ka ga hatsarin tun bai zo ba. Mutumin da ya rataya lauje a kafaɗa ya kutsa cikin kasuwa, ko ya jingine adda inda yara suke wasa, ya saɓa wa wannan tarbiyya ko da bai taɓa jin hadisin ba.

A gona ma haka ne. Kububuwa ba ta neman kowa. Tana kwance ne a ƙarƙashin tarin kara, ko dami, ko harawar da ta kwana a ƙasa, ko a bakin ramin gara, kuma kalarta ta saje da ƙasa. Wanda ya saba ya taɓa dami da sanda ko ya juya shi da fartanya kafin ya sa hannu, wanda ba ya bin hanyar gona da duhun asuba ko bayan magariba babu tocila, ya rage kaso mai yawa na hatsarin ba tare da ya kashe ko sisi ba. Haka idan hadari ya haɗo ana walƙiya: bishiya ɗaya tilo a tsakiyar fili ita ce wuri mafi muni da za a fake, amma nan kowa yake rugawa, da fartanyarsa a kafaɗa.

Bari in daɗe kaɗan a kan maciji, saboda a nan ne shawarar sa'a guda take raba rai da mutuwa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Shi ya sa wanda ta sara zai iya zama yana hira, ƙafa ce kawai ta kumbura, a ce ai da sauƙi. Bayan wani lokaci sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki, wani ma a cikin kai. A wannan tsakanin me muke yi? A ɗaure ƙafar tam da roba har ta yi baƙi, a tsaga wurin da reza, a tsotsa, a tafi neman mai magani a ƙauye na uku, a kwana biyu ana jiƙe-jiƙe. Likitoci sun hana ɗaurin nan mai tsanani da tsagawa da tsotsa, domin tsaga ga wanda jininsa ba ya daskarewa ƙarin bala'i ne. Abin da suke so shi ne a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko wani abu mai matsewa, kada ya yi ta tafiya da ƙafar, a ɗauke shi zuwa asibitin da yake da allurar kashe dafi. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti sukutum na saran maciji, mutane suna zuwa daga jihohi da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2017 ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, domin talakan karkara yake kashewa. Tambayata ga kowane mai gida: ka san asibiti mafi kusa da kai da ake samun allurar nan? Ka san mai babur ɗin da za ka kira da tsakar dare? Wannan tambaya yau ake yinta, ba ranar da yaro yake kwance ba.

Wani zai ce, Malam, ruƙiyya fa? Ruƙiyya gaskiya ce. Sahabi ya yi wa shugaban wata ƙabila da Fatiha lokacin da aka harbe shi, kuma Annabi ya tabbatar da abin da ya yi. To ka karanta masa, amma ka karanta kuna bisa babur kuna tafiya. Wanda ya halatta ruƙiyya shi ne ya umarce mu da neman magani.

Sai magana, wadda a ganina ita ce babbar matsalarmu. Muna da kunya da kawaici, kuma halaye ne masu kyau, amma akwai inda suke kisa. Yaro ya ga babansa yana hura bakin famfon feshi da bakinsa saboda ya toshe, ba zai iya cewa komai ba. Ɗan ƙwadago ya ga bel ɗin inji ya fara zarewa, ko ya ji kansa yana juyawa da warin magani, ya yi shiru kada a ce rago ne, ko kada gobe a ƙi ɗaukarsa. Matar gida ta ga an ajiye ragowar magani a robar lemo a ƙarƙashin gado, ta ce ba huruminta ba ne.

Ku tuna ranar da Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi sallama a raka'a biyu a sallar da take huɗu. A cikin sahu akwai Abubakar da Umar, kwarjini ya hana su magana. Wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul-Yadaini shi ya buɗe baki ya tambaya, cikin ladabi, ko an rage salla ne ko kuwa mantuwa aka yi. Ba a tsawata masa ba. Annabi ya tambayi sauran, suka tabbatar, ya cika sallar ya yi sujadar rafkanwa. Subhanallah! Shari'a ta koya wa mamu ya yi tasbihi idan liman ya yi kuskure, ko da mamun yaro ne limamin kuwa shehi. Idan ana gyara wa liman a cikin salla, wane ne mai gona da za a ce ba a gyara masa a bakin kunya? Kuma ku lura da ɓangare na biyu: an saurari mai gyaran. Mai gonar da ya taɓa yi wa yaro tsawa don ya ce "Baba, iska ta juyo", ya koya wa yaron yin shiru har abada, kuma wata rana shirun nan a kansa zai ƙare.

Maganin feshi guba ne, sunansa kawai muka gyara. Mai ƙone ciyawa irin su Gramoxone, sinadarin da yake cikinsa ba shi da makari. Kurɓa ɗaya tana iya lalata huhu, mutum ya yi kwanaki yana shan wahala sannan ya cika. Irin su Sniper kuwa suna shiga ta fata da numfashi, alamarsu yawan miyau da gumi da amai da ƙuncin numfashi. A jikin kowace roba akwai zanen launi a ƙasa: ja shi ne mafi hatsari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai iya karatu ba ya iya ganin launi, kuma ya iya tambaya. A zamanin Annabi an yi wani mutum da dutse ya fasa masa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, abokansa suka ce ba su ga sauƙin taimama gare shi ba, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya iso, Annabi ya yi fushi, ya jingina musu kisansa, ya nuna cewa wanda bai sani ba tambaya ce maganinsa. Abu Dawud ya ruwaito. To ina ga mai shagon da yake ba da fatawar haɗa magani uku a famfo ɗaya bai san ko ɗaya ba? Ina ga wanda yake cewa a ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara a zauna a gida? A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kada a tilasta masa amai, a tafi asibiti tare da robar maganin domin likita ya san da me yake faɗa.

Kuma abin bai tsaya a kan mai feshin ba. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi, iskar da take fitarwa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro, kuma yara ta fi saurin kamawa. Ba a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da ake kwana. Waken da aka yi wa ambaliyar magani don kada ya huje, wani musulmi ne zai ci shi da iyalinsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan ragowar irin wannan magani a jikinsa. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da cinyewa. Alhali ga buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda suke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, babu guba ko ɗigo.

Gajiya kuma, ba ma ɗaukarta a bakin komai, har yabo muke yi: wane ba ya gajiya. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama a cikin salla ya je ya kwanta, domin yana iya nufin istigfari ya ɓuge da zagin kansa. Idan mai gyangyaɗi ba a amince masa da harshensa a gaban Ubangiji ba, yaya za a amince masa da bakin injin casa ƙarfe ɗayan dare? Yawancin yatsun da inji ya cinye, a ƙarshen aiki ne, lokacin da aka ce "saura kaɗan, mu ƙarasa". Inji ya shaƙe, a sa hannu a zaro abin ba a kashe shi ba, domin tayar da shi wahala ne. Minti biyu ake tsumi, a rasa hannu. Babbar riga da rawani da mayafi mai reto ba kayan tsayawa kusa da bel ba ne. A nan dole in faɗi abin da kowa ya sani ake kauda kai: samarin da suke haɗiyar Tramol don su yi aikin mutum uku. Ƙwayar ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi, kuma tana kawo farfaɗiya. Mai gonar da ya san da haka, ya ma fi son irin waɗannan don sun fi sauri, ya ji tsoron Allah.

Akwai wani nau'in mutuwa da yake ƙona mini rai, na masu ceto. Mutum ya shiga rijiya ko ramin da aka sauke injin ban-ruwa a ciki, hayaƙi ya taru ko iska ta yi ƙaranci, ya faɗi. Ɗan'uwansa ya gani ya dira, shi ma ya faɗi. Na uku ya bi. Niyyarsu kyakkyawa ce, Allah Ya karɓe su. Amma wanda ya ga mutum ya sulale a rami ba tare da rauni ba, ya sani iskar wurin ce ta kayar da shi, kuma shi ma za ta kayar da shi. A kashe inji, a yi kururuwa, kada kowa ya sauka sai da igiya a ƙugunsa da mutane riƙe da ita a sama. Annabi ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais da halaye biyu da Allah Yake so, haƙuri da natsuwa. Natsuwar daƙiƙa goma a bakin rijiya jarumta ce. Shi ya sa ma zuwa gona mai nisa mutum ɗaya, babu wanda ya san inda ya nufa ko lokacin da zai dawo, ba dabara ba ce, balle a wannan zamani da dazukanmu suka zama abin da suka zama. Idan mutanen gari sun ce yau kada a shiga wani yanki, to a ji.

Fushi ma hatsarin gona ne. Ka zo ka tarar da shanu a cikin dawarka, wahalar wata huɗu tana tafiya a gabanka, ga adda a hannunka. An hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, to kai da kake mai ƙara kuma ga makami? Shari'a ba ta bar haƙƙinka ya tafi a banza ba. Hukuncin Annabi Dawud da Annabi Sulaiman a kan dabbobin da suka yi ɓarna a gona da dare yana cikin Suratul Anbiya, kuma a ƙissar taguwar Bara'u ɗan Azib an ɗora wa masu dabbobi tsare su da dare da biyan abin da suka ɓata. Ka kafa shaidu, ka je wurin mai unguwa da arɗo, a ƙiyasta ɓarna. Buhu biyar ana biya. Rai idan ya fita, gari biyu ne suke shiga uku.

Yanzu gare ku masu gonaki da masu injuna, musamman 'yan'uwanmu na birni da suke noma ta waya. Ɗan ƙwadagon nan amana ne a hannunka daga lokacin da ya shiga gonarka. A hadisin Abu Zarr an hana a ɗora wa na ƙasa da kai abin da ya fi ƙarfinsa, idan kuwa an ɗora masa to a taya shi. Ka ba yaro ɗan shekara goma sha biyu famfon feshi ya goya, da singileti da silifas, da rana tsaka, ba ka faɗa masa ya bi bayan iska ba, ba ka ajiye masa ruwa da sabulu ba, sannan ya faɗi ka aika da buhun masara gidan makoki ka ce kwana ya ƙare? Malaman fiƙihu sun bambance tsakanin abin da ya faru babu hannun kowa da abin da sakaci ya jawo, kuma sun yi bayanin lamuni a kan wanda ya zama sababi. Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar da a yau take komawa azumin wata biyu a jere. Ba ina yanke wa kowa hukunci daga nan ba ne, kowace mas'ala sai alƙali ko malami ya ji yadda ta faru. Amma mutum ya san cewa akwai tambaya, kuma yafewar iyayen yaro saboda kunyarka ko talaucinsu ba ta share ta ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Annabi ya umarci mutum uku idan za su yi tafiya su shugabantar da ɗaya. Duk gayya ko tawagar ƙwadago ta sami wanda zai tsaya kafin a fara, ya ce: yau ga abin da za mu yi, ga inda hatsarin yake, wane kai ne mai kashe inji, duk wanda ya ga wani abu ya faɗa babu jin kunya, ƙarfe kaza za mu huta mu sha ruwa mu yi salla. Bai fi minti uku ba. 'Yan'uwana limamai kuma, mu ware huɗuba ɗaya a farkon damina da ɗaya a bakin kaka, mu gayyato malamin gona ko ma'aikacin asibitin garin ya yi wa jama'a bayani bayan an sallame. A rubuta lambar masu babur biyu ko uku da sunan asibitin da yake da allurar maciji a manna a bangon masallaci. Wanda yake da iyaye ko 'yan'uwa a ƙauye da ba sa hawa Facebook, ya kira su ya karanta musu, ko ya naɗi murya ya tura.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare manomanmu a tafiyarsu da dawowarsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.